Labarin da Ya Kwana Uku a Teburina

Akwai labarin da ya kwana uku a teburina kafin in yarda in karanta wa masu sauraro. Labari ne mai daɗi, daɗinsa kuwa shi ya ɗaure mini kai.

A 2021, likitocin asibitin jami'ar Erlangen da ke Jamus, cikinsu har da Farfesa Georg Schett, sun gwada wata dabara a kan wata budurwa 'yar shekara 20 mai fama da lupus. Cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa mai ita: ƙoda, gaɓoɓi, fata, har zuciya. Suka ɗebo ƙwayoyin garkuwa nau'in T daga jininta, suka sauya musu halitta a ɗakin gwaji don su farauci nau'in B, masu ƙera makamin da ke yi mata illa, sannan suka mayar mata. Cutar ta lafa. A 2022 suka ba da rahoton mutum biyar da suka ajiye magani. Bayan 'yan watanni sababbin ƙwayoyin B suka fito, amma ciwon bai biyo su ba.

Sunan dabarar CAR-T. Irinta ta farko da Amurka ta amince da ita a 2017, don kansar jini, kuɗinta a lokacin dala 475,000 ne. Ga shi kuma lupus ta fi kama mata baƙar fata.

Akwai wata baiwar Allah da ke yawan kiran shirina. Lupus ta taɓa mata ƙoda, har akuyoyinta ta sayar saboda magani. Da ita nake tunani. Shin adalci ne in nuna mata rijiya alhali babu guga? Ko in yi shiru don kada in tayar mata da hankali?

A dare na uku na gane cewa shirun nan, kaina nake tausaya wa. Ba na son jin muryarta tana tambayar nawa ne. Ita kuwa ba yarinya ba ce da zan zaɓar mata abin da zuciyarta za ta iya ɗauka. In ma na ɓoye, gobe wani ɗan damfara zai kai mata labarin a WhatsApp, da kwalba a hannu.

Sai na karanta shi duka: nasarar, da tsadar, da cewa har yanzu gwaji ne mai haɗari, kada kowa ya bar maganinsa. Ta kira a ranar. Ba ta tambayi kuɗi ba. Cewa ta yi, “Ashe dai ciwon nan yana jin magani.”