Bayan Makka, Ina Kuma Dattijo Zai Je?

A ƙasarmu idan mutum ya ajiye aiki, 'ya'ya suka kawo ƙarfi, aljihu ya ɗan yi nauyi, hanya ɗaya aka san zai ɗauki jaka ya bi, ita ce ta Makka. Ya sauke farali, ya koma Umra, azumi ya zagayo ya sake komawa, kuma ba mai tambayarsa dalili. Amma ya kuskura ya ce zai je Masar ya ga abin da Fir'aunoni suka bari, ko Andalus, ko Samarkand, sai majalisa ta yi tsit. Wani aminina da muka yi koyarwa tare ya faɗa mini gatsal: "Haba Malam, mu da la'asar ta riga ta yi mana, ina mu ina yawon buɗe ido? Carbi ya kamace mu."

Ba da ka ya yi maganar ba, yana da madogara. Hadisin da ya keɓe masallatai uku da ɗaura niyyar tafiya, na Makka da na Madina da na Ƙudus, ingantacce ne, Buhari da Muslim duk sun kawo shi. Sai dai abin da akasarin malamai suka fahimta shi ne kada a nufi wani masallaci daban don neman falalar salla a cikinsa. Da ya hana kowace tafiya, da fataken Kano da suka riƙa kai kanwa da tufafi Gwanja suna dawowa da goro duk masu laifi ne, da shi kansa Imam Buhari bai bar Buhara ya zaga Iraƙi da Hijaz da Sham da Masar ba. Ga kuma Alƙur'ani yana ta maimaita umarnin a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. Yana cikin Ali Imrana, yana cikin An'am, da Ankabut, da Rum. Abu biyu aka ce a duba: yadda waɗanda suka gabace mu suka ƙare, da yadda aka fari halitta. Ban ga inda aka ce umarnin ya faɗi a kan wanda ya yi furfura ba.

Ni a ganina ma umarnin ya fi dacewa da mai furfurar. Yaro idan ya je Istambul kasuwa yake gani, da farashin waya, da inda zai tsaya a ɗauke shi hoto. Wanda ya binne iyayensa da rabin abokan wasansa, ya ga gidajen da a da ba a shiga sai da iso yau awaki ke kwana a zaurukansu, shi ne idan ya tsaya gaban kufai zai ji abin da kufan ke cewa.

A Kurɗuba na fi jin wannan, birnin da Sifaniyawa ke kira Kordoba. Abdurrahman na Farko ya fara gina babban masallacinta a 785, magadansa suka yi ta faɗaɗa shi. Ka bi ta farfajiya mai itatuwan lemo, ka shiga, sai ka tsinci kanka cikin ginshiƙai fiye da 800, kowane biyu ɗauke da baka a kan baka, ja da fari, ja da fari, har inda ido ya gaji. Can ƙurya ga mihirabin da Alhakam na Biyu ya ƙawata da ƙananan duwatsu masu ruwan zinare, ayoyi na nan a jikinsa, ana karanta su sarai. Garin ya faɗa hannun Kirista a 1236, aka mayar da ginin coci, a ƙarni na 16 kuma aka gina wata majami'a a tsakiyarsa. Tikiti ka saya ka shiga, kuma ba a yarda Musulmi ya ta da kabbara a ciki ba, masu gadi na lura da wannan. Gwiwata ta gaji, na sami benci na zauna. Abin da ya zo mini ba fushi ba ne da waɗanda suka karɓe wurin. Tunanin waɗanda suka yi sahu a nan na yi, shekaru ɗaruruwa, suna ganin kamar haka za a dawwama, alhali sarakunansu na can suna yaƙar juna, kowa da ɗan garinsa da tutarsa, har Garnaɗa ta bi sahu a 1492. Na koyar da wannan tarihi a aji shekara da shekaru, amma sai a kan bencin nan ya shige ni.

Inda maganar aminina ta fi ƙarfi shi ne Hijir, wato Mada'in Salih, arewa da Madina da tazarar fiye da kilomita 300. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ratsa ta nan a hanyar Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira. Ya rufe fuskarsa, ya gaggauta tafiya, ya hana shiga gidajen waɗanda aka halaka sai ga mai kuka. Sahabban da suka ɗebi ruwan rijiyoyin wurin aka ce su zubar, ƙullun da suka kwaɓa da shi a ba raƙuma. Yau kuwa wurin shi ne na farko a Saudiyya da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya, a 2008, kuma tun da ƙasar ta fara ba da bizar yawon buɗe ido a 2019 ake kwasar baƙi a motoci ana kai su. Malamai sun rabu a kan zuwa, kuma ban ga laifin wanda ya ƙi ba.

Ni na je. Masu binciken tarihi sun ce kaburburan da ake gani, sama da 100, Nabaɗawa ne suka sassaƙa su cikin dutse wajen shekara 2,000 da suka wuce, mutanen da suka gina Petra a Jodan. A saman ƙofofin da dama akwai rubutu: wannan kabarin wane ne da zuriyarsa, wanda ya sayar ko ya sa wata gawa a ciki ga tsinuwa ga tara. Ka leƙa ciki, wayam. Ba mai kabarin, ba zuriyar, ba wanda zai karɓi tarar. Mafi shahara shi ne wanda ake kira Ƙasarul Farid, dutse guda tilo a fili. Daga sama suke fara sassaƙa su gangaro, don haka samansa ya yi sumul, ƙasansa kuwa har yau ga sawun kurfi nan, ba a gama ba. A gabansa na tarar da mutane na ta dariya suna gyara tsayuwa don hoto. Wurin ɗaya ne, motar da ta kawo mu ɗaya ce. Hadisin Hijir bai toshe ƙofar ba, sharaɗi ya gindaya, kuma sharaɗin a zuciya yake. Dattijon da ba zai iya cika shi ba, zamansa a gida ya fi.

Akwai wata hujja da ta fi ta aminina nauyi, ita ce haƙƙin mutane. Imam Gazali a cikin Ihya ya soki masu dukiyar da ke maimaita Hajji sun bar maƙwabta da yunwa, ya lissafa su cikin waɗanda ruɗi ya ci. Wannan suka kuwa ba ta bar kowa ba. Ta hau kan mai zuwa Kurɗuba, ta hau kan mai Umra ta goma. Idan ɗan ƙanenka na zaune gida don kuɗin makaranta, ko bashin wani na wuyanka, sunan inda jirgin zai sauka ba zai wanke ka ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ga ɗaya a ce ibada, a ga ɗayan a ce shashanci, ba tare da an tambayi me kowannensu ya bari a gida ba.

Jiki ma yana da nasa haƙƙin. Shari'a ta sauƙaƙa wa matafiyi, ga ƙasaru, ga ajiye azumi, mai ciwon gwiwa ya yi salla a zaune. Amma ba ta ce ka manta maganin hawan jini ba, ko ka biye wa tsarin samari na gari biyar a kwana bakwai. Gari ɗaya, a tsanake, ya ishi tsoho. Hajiya ma haka, kada a bar ta da jiran tsaraba, ita ma an umarce ta ta duba.

Ba kuma mu muka fara ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya haura shekara 50 lokacin da ya je Ingila da Makka a 1921. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi don waɗanda ba su je ba. Wanda aljihunsa bai kai Sifaniya ba, ai kufan Surame da Kanta ya gina yana nan, Alƙalawa da ta faɗi a 1808 tana nan, hasumiyar Gobarau na tsaye a Katsina, ta masallacin Agadas ma haka, in hanya ta yi lafiya.

Ku 'ya'ya masu biya wa iyaye kujera kowace shekara, Allah Ya yi muku albarka. Amma kafin ku kai kuɗin bana, ku zauna da Baba da Inna ku tambaye su ko akwai inda suka daɗe suna son gani, kunya ta hana su faɗa.