Kukan Taure: Shin Halaccin Dandaƙa Ya Ɗauke Mana Alhaki?

Ina ɗan shekara tara ko goma aka fara sa ni riƙe ƙafar bunsuru. Da hunturu ne, da sanyin safiya, a bayan rumbunmu, domin manya sun ce ba a wannan aiki da damina saboda ƙuda. Wani dattijo da ya saba da sana'ar ya zo da guntuwar sanda da 'yar gudumarsa ta itace. Aka kayar da bunsurun, yayana ya danne wuya, ni kuwa na riƙe ƙafar baya ɗaya. Dattijon ya ɗora jijiyoyin maraina a bisa sandar, ya shiga bugu. Kukan da dabbar nan ta yi ba irin na yunwa ba ne, ba kuma irin na neman 'yan'uwa ba. Har yau in na rufe ido ina jin sa. Da aka gama na ce wa mahaifina, "Baba, ashe ba ya jin zafi?" Ya ce, "Dabba ce, gobe ya manta." Aka sallami dattijon da goro da 'yan kuɗi, kowa ya kama gabansa. Bunsurun ya kwana uku a raɓe jikin danga, ko dusa ba ya kallo.

Na kawo wannan labari ne, ya kai mai karatu, domin tambayar da na yi tun ina yaro ba ta gushe ba, sai dai ta sake kama. A yau ba na tambayar ko yana jin zafi, wannan kam mai ido ya gani. Abin da nake tambaya shi ne: zafin nan da ya ji, a wuyan wa yake?

Da farko ya kamata mu yi wa makiyayi adalci. Ba don mugunta yake dandaƙa ba. Bunsuru in ya balaga ba ya zama wuri ɗaya, ba ya ƙiba, ga wari da ke bin namansa, ga shi yana barbarar uwarsa da 'yan'uwansa har iri ya lalace. Da zarar ya zama taure sai ya natsu ya yi kitse, mai shi ya sami na cefanen Sallah ko na kuɗin makaranta. Haka sa: bijimin da bai san sarki ba, ba ya jan garma cikin lumana, sau da yawa ma yakan soke mai shi. Takarkarin da ya yi wa kakanninmu dakon hatsi da kanwa, da shanun huɗar da ke raya gonakinmu, da dama daga cikinsu dandaƙaƙƙu ne. Saboda haka duk wanda ya ce a daina gaba ɗaya, to bai taɓa kiwo ba.

Hanyoyin aikin kuwa sanannu ne. Akwai dandaƙa irin wadda na ba da labari. Akwai fiɗiya, wato a tsaga fata da wuƙa ko aska a zare 'ya'yan marainan. Tana da sauri, amma tana barin ciwo a buɗe, inda jini kan zuba, ƙuda ya yi tsutsa, ko cutar sandarewar jiki da likitoci ke kira tetanus ta shiga. Akwai wani ƙarfe mai kama da babbar awartaki da ake kira Burdizzo, sunan likitan dabbobin ƙasar Italiya da ya ƙago shi a farkon ƙarni na 20. Da shi ake matse kowace jijiya ita kaɗai na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da an huda fata ba, jini ya daina sauka, marainan su motse cikin makonni. Dandaƙarmu ce dai aka yi wa kwaskwarima, sai dai matsa ɗaya ta maye gurbin bugu goma. Sannan akwai zoben roba da ake ɗaurawa a wuyan maraina, ya tsare jini har su bushe su faɗi bayan 'yan makonni. Mutane na son wannan domin ba a ganin jini, to amma rashin jini ba rashin zafi ba ne. Dabbar da ta girma takan daɗe tana shan azabarsa fiye da na wuƙa. Babu ɗaya cikin huɗun nan da ba ta da ciwo, kuma masana sun tabbatar da abu biyu: gwargwadon girman dabba, gwargwadon wahalarta da haɗarin aikin, kuma allurar kashe zafi, irin wadda likitan haƙori ke yi, tana rage mafi yawan azabar lokacin aikin.

To, me magabata suka ce? Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, ya san cewa ta halatta dandaƙar tumaki da awaki saboda gyaran nama, ta kuma hana a yi wa dawaki. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi layya da raguna biyu dandaƙaƙƙu. Amma duk da haka malamai ba su saki lamarin sakaka ba. Wasu daga masu tafsiri na farko sun ɗauki dandaƙar dabbobi cikin sauya halittar Allah da aka ambata a aya ta 119 ta Suratun Nisa'i. Malaman Shafi'iyya, irin su Imam Nawawi, sun taƙaita halaccin ga dabbar da ake cin namanta, kuma tun tana ƙarama. Abin lura a nan shi ne, babu wanda ya ce a yi don dabba ba ta da haƙƙi. Cewa suka yi akwai cutarwa, amma buƙata ta rinjaye ta, don haka aka yi rangwame. Rangwame kuwa iyakarsa iyakar buƙata.

A nan ne nake ganin muka yi tuntuɓe. Mun ji an ce halal ne, sai muka ɗauka an ba mu takardar izinin yi yadda muka ga dama, da abin da muka ga dama, a lokacin da muka ga dama. Alhali zafin da dabba ke sha a wannan aiki kashi biyu ne. Akwai wanda ba makawa sai an ji shi muddin za a yi aikin. Wannan shi buƙata ta ɗauke mana. Akwai kuma wanda muka ƙara da hannunmu: mun bar ɗan akuya har ya shekara don ganda, mun ba wanda bai iya ba don ya fi araha, mun yi da dakusasshiyar wuƙa mai tsatsa, mun ƙi sayen allura alhali muna da hali. Wannan kashi na biyu babu littafin da ya halatta shi. Hadisi na 17 cikin Arba'una ya wajabta kyautatawa har a wajen yanka, ya yi umarni da wasa wuƙa da hutar da abin yankan. In dabbar da saura ƙiftawar ido ta mutu tana da wannan haƙƙi, ina ga wadda za ta tashi ta rayu da ciwon?

Kuma kada mu yarda da kalmar nan "amfani" haka kawai, domin a kullum mai cin amfanin ne alƙali. Da sunan amfani aka yi ta mayar da bayi babanni don tsaron gidajen sarauta, har tarihin Kano ya ambaci cewa Muhammadu Rumfa ya ba su muƙamai, ko da yake shari'a ta haramta yi wa ɗan Adam haka. Da sunan amfani aka yi ta fiɗiye yara maza a Italiya don kada muryarsu ta waƙa ta buɗe. Na ƙarshen da ya shahara cikinsu, Alessandro Moreschi, sai a 1922 ya mutu. Ban ce akuya da mutum ɗaya ba ne, Allah Ya kiyaye. Abin da nake nufi shi ne, duk inda mai ƙarfi ya auna ribarsa da ciwon maras baki, ma'aunin yakan karkata wajensa, sai fa in ya tsananta wa kansa. Wani masanin Ingila, Jeremy Bentham, ya yi nuni a 1789 cewa abin dubawa game da dabba shi ne tana jin ciwo, ba wai ko tana da hankali ko magana ba. Bahaushe ya taƙaice shi da cewa jiki magayi.

Wasu ƙasashen sun mayar da wannan doka. A Ingila ba a yarda a sa zoben roba ba sai cikin kwana bakwai na farkon haihuwa, kuma maraƙi ko ɗan akuyar da ya wuce wata 2, ko ɗan ragon da ya wuce wata 3, sai likita ya yi masa, da allurar kashe zafi. Jamus ta hana fiɗiye 'ya'yan aladu ba tare da kashe zafi ba daga farkon 2021, Faransa ta bi sahu a 2022.

Na san za a ce, "Malam, waɗancan masu kuɗi ne. Mutumin da ɗansa ke kwance da zazzaɓi bai sami magani ba, shi za ka ce ya saya wa bunsuru allura?" Wannan magana ce mai nauyi, kuma ba na raina ta. Wanda ke rugar da babu malamin dabbobi ko a tafiyar yini, ba a ɗora masa abin da ba zai iya ba. To amma mu dubi gaskiya: yin aikin tun dabba tana 'yar makonni ba ya cin ko kwabo. Jiran sanyi ba ya cin kwabo. Tafasa wuƙa, da kiran gwani, da ajiye dabbar a inuwa mai tsabta bayan an gama, da ƙyale wadda za a yanka tun ba ta balaga ba, duk ba kuɗi suke so ba, kula suke so. Shi kuwa ɗan birnin da ke kiwon raguna na dubban ɗaruruwa, ga asibitin dabbobi a unguwarsa, da wane baki zai fake da talauci?

Akwai kuma inda lamarin ke juyewa, ƙin yi ya zama shi ne rashin tausayin. Dubi kyanwa. Cikinta wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Mutum zai ce haram ne ya kai ta likita a tsayar mata da haihuwa, amma da ta haihu sai ya zuba 'ya'yan a buhu, ya aiki yaro ya jefar a juji, idonsu ko buɗewa bai yi ba. Wanne ya fi kusa da sauya halittar Allah? Haka karnukan da ke yawo ba mai su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya. Allurar rigakafi ce maganinsa, amma rage haihuwar karnukan titi ya fi a bi su da guba ko kulki. A ɗaya gefen kuma, ƙasar Norway ta hana a fiɗiye kare don jin daɗin mai shi kawai, sai da dalili na lafiya ko jin ƙan dabbar. Masu yi da masu hanawa, in ka duba, tambaya ɗaya suke amsawa: don wa ake yi, kuma akwai hanyar da ta fi sauƙi?

Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, mutum ne mai tausayi. Ba ya cin tuwon dare sai ya ga dabbobinsa sun sha ruwa. Abin da ya gada ya yi, kuma a zamaninsa bai ga wata hanya ba. Mu kuwa mun gani, don haka uzurinsa ba namu ba ne. Ina kira ga 'yan'uwana marubuta, mu da muke cika shafuka da kukan zuciyar masoya, mu riƙa ba da ko sakin layi ɗaya ga kukan da ake yi a bayan rumbu, domin abin da alƙalami ya saba nunawa shi ido ke koyon gani. Taure ba shi da kotun da zai kai ƙara a duniya, amma an ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Allah Ya sa mu sauke amanar abin da Ya hore mana, amin.