Kayan Baƙo, Mudun Gida

'Yan'uwa mazauna Mafoni, akwai gardamar da ta daɗe a majalisunmu. Dattawa na cewa waƙar yaran yanzu ta Turawa ce, daga kiɗan na'ura har salo. Yaran kuma na cewa ai da Hausa suke rerawa, don haka tasu ce. To, wanda ya ari abin baƙo ya sa a waƙarsa, ya bar gida ke nan?

Mu duba magabata. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ya sha karatun addini, ya kuma yi boko har Kwalejin Yaba a Ikko. Waƙarsa Arewa Jamhuriya ko Mulukiya magana ce kan tsarin mulkin da ya zo ta hannun Turawa, amma ya ɗora ta bisa karin waƙar malamai, yana gargaɗi kamar mai wa'azi. Shi kansa karin, daga Larabawa muka same shi. Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiya da Turai, ya sa su a bakin aku cikin Magana Jari Ce, har yaro ya rantse a garinsu aka yi. Maginan Zariya kuwa sun zana keke da mota a bangon ƙasa, kusa da dagi. Kai, ko ramin Handaƙ, shawarar Salmanu Bafarishe ce, dabarar ƙasarsu, Manzon Allah (SAW) ya karɓa.

Ke nan aro halal ne. Amma zanen aro ba ya rufe katara. A kasuwa kaya na zuwa daga ko'ina, mudun da ake awo da shi na gida ne. Haka waƙa. Ari kiɗa, ari salo, amma abin da ka kira kunya, da girman iyaye, da halal da haram, kada ka aro ma'auninsu. Waƙar da ke koya wa yaro cewa kuɗi ne mutunci ta ɓace, ko da kalangu aka yi ta.

Mu kanmu baƙi ne cikin Barebari. Mun sa hularsu, mun ci tuwonsu, ba mu daina zama Hausawa ba. Don haka dattijo, saurari baitin kafin ka yanke hukunci. Kai kuma yaro, tambayi kanka: za ka iya rera shi gaban mahaifiyarka?

Allah Ya sa mu dace.