Haƙƙin Wa Ke Cikin Birkin Akwala?



Motocin da yawancinmu ke hawa a nan Agege sun girmi 'ya'yanmu na fari. Camry mai ƙananan fitilu ƙirar 1998, Golf 3, Carina E, da Honda ɗin nan da 'yan Legas suka laƙaba wa Baby Boy. Sun gama aikinsu a Turai ko Amurka, aka sauke su a Apapa ko Kwatano, mutum biyu ko uku suka mora, sannan suka iso hannunmu. Lokacin da suka sauka daga jirgi Yarabawa na ce musu tokumbo. Yanzu kam ko wannan sunan ya fi ƙarfinsu, akwala muke cewa.

Babu abin kunya a nan, kuma duk mai raina akwala bai san yadda ake neman kuɗi a Kurmi ba. Iyayenmu da suka yi fataucin goro da shanu sun hau Peugeot 504, wadda suke kira Fijo, da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Mutum ya riƙe guda ɗaya shekara 20, ba wanda ya ce masa ya gaza. Mu kuma ga abin da ya same mu. Daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta doshi 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta haura 1,000. A shekarar ne kuma dala ta wuce naira 1,500, kuma ko ƙusa za ka saya a Ladipo da dala aka shigo da ita. Wanda ya lallaɓa tsohuwar motarsa a irin wannan yanayi ya fi hankali a kan wanda ya ci bashi ya sayi ta kece raini. Akwalar nan ita ke ɗauko buhun albasa daga Mile 12, ita ke kai yara Islamiyya ranar ruwan sama. In naƙuda ta tashi ƙarfe biyun dare, ƙofar mai akwala ake bugawa, don mai babbar mota yana bayan katanga da maigadi.

To, ba tsufan motar ne ya sa muka ɗauki alƙalami ba. Abin da ke gabanmu tambaya ce da duk mai akwala ke amsawa wata-wata ko bai lura ba: gyara uku ne a gabanka, kuɗin guda ɗaya ne a aljihunka, wanne za ka fara? Mutane na ɗaukar wannan a matsayin lissafin aljihu kawai. Mu a ganinmu tambaya ce ta haƙƙi.

Aibin mota iri biyu ne. Akwai wanda mai motar ne ke shan wahalarsa: fenti ya koɗe, kujera ta yage, AC ya mutu, gilashi ba ya sauka, ƙofar direba sai an zura hannu an buɗe ta waje, batir sai an tura da asuba. Wannan tsakaninka da haƙurinka ne, in ka ga dama ka shekara goma a haka. Akwai kuma wanda wani ne zai biya farashinsa, wani da bai san ka ba, bai kuma taɓa shiga motarka ba: birki, taya, fitila, da ƙafar gaba. Abin da ya rikita lamarin shi ne na farkon ido na ganin sa, na biyun yana ɓoye ƙarƙashin mota. Shi ya sa in Sallah ta ƙarato za ka tarar da layi wajen mai fenti da mai ɗinkin kujera, kowa na so ya shiga garinsu motar na ƙyalli, a ce wane ya samu a Ikko. Ka leƙa ƙarƙashin wasu daga cikin motocin nan masu ƙyalli, sai ka riƙe baki.

Mu ɗauki birki. Man birki ba don ado aka ware masa irinsa ba. An yi shi ne ya jure zafi, domin in kana taka birki a gosulo ko a gangara ƙafafun mota zafi suke yi sosai. Shi kansa man yana shan danshin iska a hankali, shi ya sa ake canza shi bayan kamar shekara biyu, ba wai a yi ta ƙari kawai ba. Amma har yau akwai masu zuba ruwa da garin sabulu a madadinsa, su ce ai yana kamawa. Yana kamawa da safe a ƙofar gida. In ƙarfe ya ɗau zafi ruwan ya tafasa ya zama tururi, sai ka taka ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa ba komai. Ka yi tunanin wannan a gangaren gadar Pen Cinema, yamma ta yi, 'yan makaranta na tsallaka titi.

Taya kuma tana da ranar haihuwa a jikinta, mutane da yawa ba su sani ba. A gefenta akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, an yi ta a mako na 23 na 2016. Masu ƙera taya da kansu suna cewa in ta kai shekara goma a cire ta ko zanenta bai cinye ba, don roba bushewa take yi ta ciki. Gwamnati ta hana shigo da tsohuwar taya, amma kowa ya san inda ake sayar da ita, an wanke an shafe ta da baƙi tana sheƙi. Wasu ma don ƙasashen ƙanƙara aka yi su, robarsu laushi gare ta, ba ta san kwaltar Mokwa a watan Afrilu ba. Sai ƙafar gaba. Sau nawa muka ga mota ta durƙusa a tsakiyar titi, taya ɗaya ta kwanta gefe? Ɗan ƙarfen da ke riƙe ƙafar ne ya tsinke, wanda kanikawa ke kira bol-joyin. Kuma ba ya tsinkewa ba sallama. Sai ya yi makonni yana ƙwas-ƙwas a duk ramin da aka faɗa, mai motar yana ƙara muryar rediyo.

In abin ya faru sai mu ce ƙaddara. Gaskiya ne, ba abin da ke faruwa sai da hukuncin Allah. Amma malamanmu na fiƙihu ba su taɓa ɗaukar ƙaddara a matsayin abin da ke sauke wa mutum nauyi ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci Risala ta Ibn Abi Zaid zai tuna cewa mahayin dabba, da mai jan ta, da mai kora ta, su ke da lamunin abin da ta taka. Dabba ke nan mai rai da nata ra'ayin, wadda za ta iya firgita. Ina ga ƙarfen da ba ya motsi sai ka murɗa makulli? Akwai kuma mas'alar bango da malamai suka tattauna, wadda ta fi kama da halin da muke ciki. Bangon gidan mutum ya karkata wajen hanya, aka zo aka gargaɗe shi, yana da lokaci da halin gyarawa bai gyara ba, bangon ya faɗo wa mai wucewa. Suka ce mai bangon ne zai ɗauki abin da ya biyo baya. Abin lura a nan shi ne gargaɗin. Kafin a faɗa masa, ana iya cewa bai sani ba. Bayan an faɗa masa, hukunci ya canza, ko da bangon bai ƙara karkata ko da taƙi ɗaya ba.

A sha'anin mota, bakanike ne mai gargaɗin. Ranar da ya fito daga ƙarƙashin motar yana goge hannu ya ce, "Alaji, birkin nan ya ƙare, ƙarfe ke cin ƙarfe," daga ranar ka zama mai bango. Kuma da alama zukata sun san haka ko ba a karanta Risala ba, don akwai wata magana da ake yawan ji a gareji: "Oga, abin da na kawo kawai za ka duba, kar ka buɗe min wani aiki." Mai faɗin haka ba tsoron cutar bakanike kaɗai yake yi ba. Tsoron sani yake yi. Yana so ya zauna a matsayin wanda ba a gargaɗa ba. Amma wanda ya toshe kunnensa da gangan don kar ya ji, anya za a lissafa shi cikin waɗanda ba su ji ba? Mu dai ba mu ga yadda za a yi ba.

Akwai mai cewa, "Malam, faɗi ba wuya. In na ajiye motar nan mako biyu, me yara za su ci?" Wannan magana ce mai nauyi, kuma wanda ya yi saurin amsa ta bai taɓa kwana da tunanin kuɗin haya ba. Larura gaskiya ce, kuma tana sassauta wa mutum abubuwa da dama a kan kansa. Amma ba mu san inda larurar wani ta halatta masa jinin maƙwabcinsa ba. Yaron da ke talla a bakin titi shi ma abincin gidansu yake nema. Sannan in aka zauna aka yi lissafi tsakani da Allah, kayan birki na cikin mafi araha a jikin mota. Inji da giya ne ke karya mutum. Fad ɗin birki da gwangwanin mai ba su kai rabin kuɗin fenti ba, ba su ma kama hanya ba. Taya ce dai ke da tsada da gaske, a nan kam ba za mu yi wa kowa baki ba. Amma ko a nan akwai tsaka-tsaki. Motar da za ta iya lallaɓawa daga Agege zuwa Oko-Oba a hankali ba lallai ba ne ta cancanci ɗaukar mata da yara tafiyar wajen kilomita 1,000 zuwa Kano, ta Ogbomosho da Jebba, tsakanin tireloli, da buhuna har kan but. Wanda tayarsa ta tsufa bai da halin sabuwa, ya bar motar a gida ya sa iyali a motar haya ko da za a ce bana wane bai zo da mota ba. Maganar za ta wuce kafin naman layya ya ƙare.

Takardar shaidar lafiyar mota da VIO ke tambaya kuwa, kowa ya san akwai mai samun ta motarsa ba ta je ko'ina ba. Takarda tana raba ka da jami'i a kan hanya. Ba ta tsayar da mota.

Shi ma bakanike yana da nasa haƙƙin a kanmu, kuma ya shafi wannan magana kai tsaye. In ya faɗi kuɗin kaya aka yi ta ja da shi har aka raba biyu, ba daga aljihunsa zai cika ba. Ladipo zai je ya ɗauko wanda kuɗin ya isa. A can kuwa kowane ƙarfe hawa-hawa ne: akwai sabo na asali, akwai wanda aka ciro daga tokumbo, akwai sabo a kwali mai kyau wanda ba ya wata uku. Wanda bai yarda da bakanikensa ba ya bi shi kasuwar ya gani da idonsa, ko ya canza wani. Amma a matse shi a farashi, a riƙe masa kuɗin aiki wata biyu, sannan a zo majalisa ana cewa kanikawan garin nan ba amana, wannan ba adalci ba ne. Mu 'yan kasuwa ne, mun san yadda muke ji da mai irin wannan ciniki.

Saura ranar rabuwa, don kowace akwala tana da ranar da za a sa ta a kasuwa. 'Yan'uwanmu na Oko-Oba sun san hanin da aka yi game da ƙin tatsar dabba kwana biyu-uku kafin a kai ta kasuwa, don hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Motoci ma ana yi musu haka. Injin da ke hayaƙi a ɗura masa baƙin mai mai kauri ya yi shiru na mako guda. Lagireto mai yoyo a zuba masa abin toshewa. Fitilar gargaɗi da ke kunne a gaban direba a cire ƙwanta. A wanke inji tas don kar a ga inda mai ke tsiyaya. Kuma wa ke saye? Galibi ba baƙo ba ne. Wani ƙaninmu ne a unguwar nan da ya shekara uku yana tari, ya zo wajenka don ya san ka a sahun gaba. Cewa "ga ta nan, ka duba da kanka" ba ta wanke mai sayarwa in ya san abin da duba ba zai nuna ba.

Faɗin aibi zai rage kuɗin, ba shakka. Sai a ce masa: tana shan baƙin mai, sai ka riƙa dubawa duk mako, giya ta biyu tana ƙugi, tayoyin baya na 2015 ne, kar ka hau babbar hanya da su, birki an yi shi watan jiya, ga lambar wanda ya yi. In ya ji ya ce ya gani ya yarda, a kira mutum biyu su shaida, a rubuta cinikin har da aibobin a takarda ɗaya, kowa ya riƙe kwafinsa.