AUREN KATIN ASIBITI

'Yan uwana mata, wata ƙanwata ta fasa auren saurayinta ɗan tireda, za ta auri ma'aikacin gwamnati, wai saboda katin asibiti. Wallahi ban yi mata dariya ba. Duk wadda ta taɓa sayar da ɗan kunnenta don kuɗin tiyatar haihuwa ta san dalilinta.

Tun 2005 inshorar lafiya ta tarayya ke ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. To, in a ta biyu za ki shiga fa? In aka sallame shi fa?

Neman lafiya ba kwaɗayi ba ne, amma kati ba ya jinya. Ki fara duba halinsa, 'yar uwa: ranar da kika kwanta, zai tsaya a kanki?

Allah Ya zaɓa mana mafi alheri.