Ba a Yi wa 'Yan Gayya Tsawa

 Hannunka ya faɗa a rubuta manhaja, ba ni da ja a kan wannan. Amma na ga saƙon da ka aika wa masu kula da laburaren kyauta da kake amfani da shi a GitHub, kana cewa lallai su gyara matsalar kafin gari ya waye domin kwastomanka ya matsa maka. Haba, ɗana! Nawa ka biya su?

Mutanen nan 'yan gayya ne. Mai gona ba ya yi wa ɗan gayya tsawa. Ɗan ƙodago ake tuhuma in ya bar kunya ba a gama ba, domin da shi aka yi jinga. Buɗe lasisin MIT da ke cikin laburaren ka karanta. An rubuta da manyan baƙaƙe cewa an ba ka kayan yadda suke, babu garanti ko kaɗan.

Ba kai ka fara wannan kuskure ba, manya ma sun yi. A Disambar 2021, da aka gano ɓaraka a manhajar Log4j, 'yan sa-kai ƙalilan ne suka hana idonsu barci suna toshe ta, alhali kamfanonin da suka daɗe suna cin moriyarta kyauta suna ta ƙorafi. Bayan wata guda wani babban kamfani ya rubuta wa Daniel Stenberg, ɗan Suwidin mai kula da manhajar curl, yana neman amsa cikin awa 24, ga shi kuwa curl ba ta ma amfani da Log4j. Ya ce zai amsa da zarar sun sa hannu a kwangilar tallafi.

In kana son wanda za ka tayar da tsakar dare, saye ake yi. A babban tsarin tallafin kamfanin Red Hat, in sabarka ta tsaya cak ka shigar da ƙorafi, an yi alkawarin amsa maka cikin awa ɗaya, dare ko rana. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Red Hat ɗin nan mai sayar da irin wannan ɗaukar alhaki, shi ne IBM ta saya a kan dala biliyan 34 a 2019.

Sai dai kada ka ɗauka kuɗi ya kashe magana. Kamfani zai fara tambayarka sigar da kake kai. In ta tsufa, ko ka yi mata kwaskwarima da kanka, sai ya ce ba ta cikin yarjejeniya. Sau da yawa kuma wanda ya taɓa faɗawa matsalarka sak yana cikin jama'a, ba ya ofishin kowa.

Saboda haka ka riƙe duka biyun. Duk aikin da tsayawarsa za ta jawo asara, kamar manhajar biyan kuɗi ko ta asibiti, ka sa kuɗin tallafi a lissafinka tun farko. Na san dala ta yi tsada, amma gara kwastoma ya ji gaskiya yau da ya ji ta ranar da komai ya tsaya.

In kuwa jama'a za ka tambaya, ka je da ladabi da shiri: faɗi sigar, kwafo saƙon kuskuren yadda yake, kawo ɗan guntun misali da kowa zai iya gwadawa, ka lissafa abin da ka riga ka jarraba. Goge kalmar sirri da bayanan mutane kafin ka aika. In ka samu mafita, koma ka rubuta ta don na baya.

Yanzu je ka ba su haƙuri, ka sake tambayar da kyau. Allah ya ƙara basira, ya sa albarka a sana'a.