Wa Ke Da Ikon Cewa A Tsaya?

Duk wanda ya taɓa danna "soke" a waya ko kwamfuta, ya zauna yana kallon da'irar nan tana ta juyawa, ya san haushin da nake nufi. Na'ura taka ce, da kuɗinka ka saya, amma sai ta ga dama. Mu masu rubuta manhaja mun san dalili: abin da ka danna roƙo ne. A bayan fage akwai wani zaren aiki da ke faman sauko da fayil ko rubutu a rumbun bayanai, maɓallin kuwa tuta kawai ya ɗaga masa. Sai ya ɗago kai ya gani.

Da can akwai wuƙa. Harshen Java ya zo da Thread.stop, mai kashe zare nan take ko'ina ya kai. Tun 1998 kamfanin Sun ya ce a guje shi, a 2023 kuma, da fitowar Java 20, aka dakushe shi ɗungurungum: ka kira shi, kuskure zai jefo maka. Microsoft ma ta yi wa Thread.Abort haka a sabon .NET.

Ɗauki zaren da ke tura kuɗi. Layin farko ya cire naira dubu goma daga asusun mai aikowa, na biyu zai zuba a na mai karɓa. Tsakaninsu yana riƙe da makulli, don kada wani zare ya leƙo ya ga lissafi a karkace. Thread.stop ya riske shi a nan, sai ya saki makullin ya mutu. Masu jira su shigo su tarar kuɗi sun bar gida ba su isa ba, su ɗora gini a kai. TerminateThread na Windows kuwa na iya kashe shi da makullin a hannu, sauran su yi ta jira har a kashe manhajar.

Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne: in aikin ɓarna ne fa? Shi ma sai a jira shi? A nan nakan tuna hadisin Anas ɗan Malik da Buhari da Muslim suka ruwaito, na balaraben ƙauyen da ya shiga masallacin Madina ya kama fitsari. Sahabbai suka yunƙura, Annabi (SAW) ya hana su katse shi, da ya gama aka kwarara guga guda na ruwa. Babu mai cewa mutumin ya yi daidai. Masu sharhi dai sun ce katsewar za ta cutar da shi, najasar da ke wuri ɗaya kuma ta watsu a jikinsa da tufarsa da sauran masallaci. Kana iya zama mai gaskiya ɗari bisa ɗari, yankewarka ta fi laifin ɓarna.

Za a ce ai a Linux akwai kill -9, wanda ba ya shawara da kowa. Haka ne, amma manhaja sukutum yake kashewa, kuma tsarin na'ura na da rajistar abin da ya ranta mata, ma'adana da buɗaɗɗun fayiloli, sai ya karɓe kayansa. Zare kuwa ɗaki ɗaya yake kwana da 'yan'uwansa, babu wani a sama da ya san abin da ya bari rabi da rabi. A ganina yanke ba sallama ya dace ne kawai da wanda lissafi duka ke hannunsa, mu kuwa, a kan zare ko a kan mutum, ba kasafai muke da wannan ilimin ba.

Sai dai nauyin bai ɓace ba, kan mai aikin ya koma. Wanda ba a katse shi da ƙarfi, wajibinsa ne ya zama mai kirawuwa. A wani hadisin, Annabi (SAW) kan shiga salla da niyyar tsawaitawa, ya ji kukan jariri, sai ya taƙaita saboda uwar. Sallar ta cika, uwar ba ta wahala ba. Zare nagari haka ake rubuta shi: ya duba tuta bayan kowane layin bayani, ba bayan miliyan ba, in ya gan ta ya ƙarasa na hannunsa, ya rufe fayil, ya mayar da makulli, ya fita.

Shi ya sa babu abin da ke ɓata mini rai in ina duba aikin wani kamar in ga ya kama InterruptedException ya bar wurin fanko. Wato kira ya iso, an ji, an yi kunnen uwar shegu. Wannan ba na sa masa hannu, komai kyan sauran aikin. Na fi yi wa zaren da ya maƙale yana jiran amsa daga intanet uzuri, don a tsohon salon Java shi ko tutar ba ya iya gani. Maganinsa a rufe hanyar da yake saurare, ya farka da kuskure, sannan ya tattara nasa ya nasa da kansa.